Makokin da Ba a Shimfiɗa wa Tabarma

Bahaushe ya tanadar wa kusan kowane irin rashi kalmar da za a faɗa da tabarmar da za a zauna. Wanda ya rasa mahaifi ana zama da shi kwana uku, a dawo ran bakwai, a kuma komo ran arba'in, kowa ya shigo da "ya haƙuri" a bakinsa. Wanda gobara ta cinye wa rumbu ana yi masa jaje. Wanda ɓarayi suka kore wa shanu, ko sansa na noma ya faɗa rijiya, maƙwabta sukan tako har zaure su ce Allah ya mayar da alheri. Ko akuya ce ta mutu ba a samu sa mata wuƙa ba, uwargida za ta ji wata ta leƙo ta kan darni tana cewa ashe asara aka yi. Rashi guda ne al'ada ta tsallake ba ta ce komi a kansa ba, shi ne mutuwar kare. Wanda karensa ya mutu ba shi da gaisuwa, ba shi da jaje, kuma in ya kuskura idonsa ya kawo ruwa a gaban jama'a, to ya ba majalisa abin dariya na shekara guda.

Dalili ba ɓoyayye ba ne. A bakin Bahaushe sunan kare zagi ne kafin ya zama sunan dabba. In aka ce wa mutum kare an gama da shi, in aka ce ɗan kare an haɗa da ubansa. Karin magana ta ce kashin kare ba ya taki, wato har abin da ya kasayar ba shi da amfanin da na jaki ke da shi. Yaron da ke bin babbar mota yana ɗora kaya karen mota ne, samarin da ƴan siyasa ke turawa su yi musu ta'adi kuwa karnukan farauta. Hatta mutuwarsa ba a ba ta lafazi mai taushi ba. Mutum shi ke rasuwa, ko a ce ya cika. Kare mutuwa kawai yake yi, a ɗaura masa igiya a ƙafa a ja shi bayan gari. Faransanci ma yana da irin wannan rowa, domin ya ajiye wa dabba kalmar crever, ya bar wa mutum décéder. Sai dai harshen nan da ya wulaƙanta kare shi ne kuma ya ce ba a kiwon kare ranar farauta, ya ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Waɗanda suka fara faɗin waɗannan maganganu sun zauna da kare, sun san yunwarsa da gudunsa, sun kuma ci nama albarkacinsa. Abin da ba su yarda su furta ba shi ne cewa sabo yakan shiga tsakaninsu da shi.

A Safo, cikin gundumar Madarunfa, ƴar tafiya kaɗan kudu da birnin Maraɗi, akwai wani dattijo da wannan sabo ya kama. Garin yana cikin kwarin Gulbin Maraɗi, ruwan da ke fitowa daga ƙasar Katsina, ya ratso ta Jibiya, ya shigo Nijar, sannan ya karkata ya koma Najeriya. Da rani gulbin yashi ne zalla, amma ruwa ba ya da nisa a ƙarƙashi, don haka bakin kwarin cike yake da garake: tumatir, albasa, rogo, zogala, da itatuwan mangwaro da ke yi wa rijiyoyi inuwa. Masana na ƙasar Faransa sun daɗe da sanin wannan kwari. Claude Raynaut ya rubuta littafi a kan Sumarana, da ke nan kusa, a farkon shekarun 1970, Guy Nicolas kuma ya fitar da babban aikinsa a kan Hausawan kwarin a 1975, inda ya yi bayanin dangogin Anna da sana'o'in da kowane dangi ya gada. Cikin waɗannan sana'o'i har da halbi.

Dattijon nan jinin mahalba ne. Kakansa ya shiga dajin Baban Rafi da kwari da baka da karnuka, ubansa ya shiga da adaka, shi kuwa ya tarar daji ya ja baya. Farin shekarun 1973 da 1984 ya ƙone abin da ya ƙone, gonaki suka cinye saura, namun dawa suka koma labarin da ake ba yara da dare. Ya zama manomin garka, mai salla a sahun gaba, wanda ba a taɓa jin sa da rigima ba. Abu ɗaya ya rage masa na gado: bai taɓa zama babu kare ba. Na ƙarshensu ya ɗauko shi yana ɗan kwikwiyo, ja mai farin ƙirji da siraran ƙafafu, ya raɗa masa suna Barsu. A ƙauye sunan kare yakan zama habaici, domin mai shi ya samu hanyar gaya wa maƙwabci magana ba tare da ya dube shi ba. A shekarar da aka kawo kwikwiyon ana ƴar taƙaddama a kan iyakar garka, saboda haka duk sanda dattijon ya ɗaga murya ya ce "Barsu!", wanda ake nufi yana ji. Taƙaddamar ta mutu tuntuni, sunan ya zauna.

Ba wanda ya taɓa zarginsa da saɓa wa addini a kan wannan kiwo, kuma babu hujjar yin haka. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a kowane zauren malami na ƙasar Hausa, ta hana ajiye kare cikin gida haka kawai, amma ta yarda da na tsaron shuka, da na rakiyar dabbobi, da na farautar neman abinci. A mazhabar Imamu Malik kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki a ciki kuwa bin umurni ne kurum. Masu sharhin Risala ma suna kawo wani labari mai daɗi game da marubucinta, wanda ya rasu a 996: an ce katangar gidansa ta faɗi a lokacin da gari ba lafiya, sai ya ajiye kare, da aka tuna masa Malik ba ya son haka, ya amsa da cewa da Malik ya riski wannan zamani, zaki zai ajiye. Mutanen gundumar Madarunfa ba su buƙatar a fassara musu wannan amsa. A shekarun baya-bayan nan ƙauyukan da ke kusa da iyaka sun sha fama da masu satar shanu da masu sace mutane don kuɗin fansa, kuma a 2019 dubban mutane daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka tsallako jahar Maraɗi gudun hijira. A dare irin na wannan zamani, haushin kare ya fi ƙofar ƙarfe daraja, domin ƙofa ba ta faɗa maka wani na tafe.

Shekara tara Barsu ya yi a garkar. Bai taɓa shiga ɗakin kwana ba, bai kuma nemi shiga ba. Iyakarsa bakin zaure da dare, bakin bukkar garka da rana. Da asuba yakan bi maigidansa har kusa da masallaci, ya tsaya daga nesa inda ya san ba za a jefe shi ba, in an sallame ya wuce gaba zuwa gulbi. Ya san awakin gidan ɗaya bayan ɗaya, ya san na maƙwabta, kuma na maƙwabtan kaɗai yake kora daga cikin zogala. Dattijon ba mai yawan magana ba ne, matarsa ma takan ce sai an yi kamar za a ciro masa ita da ƙugiya. Amma masu garake na kusa sun sha jin muryarsa da tsakar rana yana ba da labarin tsadar taki ko taurin kan ƴaƴan zamani, su leƙa su tarar ba kowa sai kare kwance ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa.

Abin ya faru ne cikin bazara, lokacin da zafi ke sa kowa neman inuwa. Wani baƙon kare ya ɓullo ta cikin yashin gulbi, wutsiya a ƙasa, yawu na zuba, yana kai cizo ga duk abin da ya gitta. Ƴar jikar dattijon, yarinya ƴar shekara huɗu, tana wasa da gwangwani a bakin rijiya. Kafin kakanta ya ajiye guga, Barsu ya riga ya tari baƙon. Suka yi ta birgima cikin ƙura har maza suka iso da sanduna suka kashe mahaukacin. Yarinyar ko ƙwarzane ba ta samu ba. Barsu ya tashi da cizo biyu, ɗaya a wuya, ɗaya a kafaɗa.

Duk wanda ya girma a ƙauye ya san abin da wannan ke nufi. Ƙwayar ciwon haukan kare tana cikin yawu, tana shiga ta rauni, ta bi jijiya a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa, wani lokaci cikin makonni, wani lokaci cikin watanni. In alamomi suka bayyana, a kan mutum ko a kan dabba, kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe mutum wajen 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar cizon kare. Abin takaici shi ne maganin rigakafi ya tsufa ƙwarai: tun ran 6 ga Yuli 1885 Louis Pasteur ya yi wa wani yaro ɗan Alzas allurar farko a Paris, yaron ya rayu. Masana sun nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki allura, ciwon yakan yanke. Amma hankalin makiyayi da manomi, idan ana maganar allurar dabbobi, yana kan shanu da tumaki da awaki da raƙuma, wato abin da ake kaiwa kasuwa. Kare ba ya shiga lissafin dukiya, don haka ba ya shiga lissafin magani. Da ɗan dattijon ya je wurin ma'aikacin kiwo, tambaya ɗaya aka yi masa: an taɓa yi wa karen allura? Ba a taɓa ba. Ma'aikacin ya faɗi gaskiyar da aikinsa ya ɗora masa, cewa karen da ba shi da rigakafi, mahaukaci ya cije shi, ba a barin sa cikin yara.

Dattijon ya roƙi kwana uku. Ya ɗaure Barsu a gindin mangwaro, abin da bai taɓa yi ba, yana tura masa tuwo da ruwa da dogon kara. Karen bai fahimci laifin da ya yi ba, yana ta kaɗa wutsiya duk sanda ya ji takun da ya sani. Ran na ukun dattijon ya je gidan wani abokinsa na ƙuruciya wanda har yanzu yake da adaka, suka yi magana gajera a zaure. Da gari ya waye ya hau kabu-kabu zuwa Maraɗi, ya ce zai sayo irin albasa, alhali ba lokacin shukarta ba ne. Sai bayan magariba ya dawo. Bai bari a ja gawar bayan gari ba. Ya ɗauki fitila da magirbi, ya haƙa rami mai zurfi a gefen shingen garka, ya rufe, ya tattake ƙasar da ƙafa.

Daga nan sai shiru. A majalisa an yi maganar kwana biyu, an gode wa Allah da ya kuɓutar da yarinya, wani ya ce ai karen ya yi ƙoƙari, wani ya ce to kare ne dai, a samo wani. Ba mugunta ce ta sa suka faɗi haka ba, iyakar abin da al'ada ta ba su ke nan. Matarsa kaɗai ta lura da cewa tuwon dare yana dawowa kamar yadda aka kai shi. "Malam, ka ci ko loma biyu mana," in ji ta, ba ta kuwa ambaci dalili ba, shi ma bai ambata ba. Ita kanta sau da yawa takan kankare ƙanzo ta nufi tsohon kaskon da ke bakin zaure, sai ta kai rabin tsakar gida ta tuna. Baƙin cikin da mutum ya kasa faɗin sunansa ya fi nauyi, domin bayan rashin akwai kuma kunyar jin zafin rashin. Dattijo mai jikoki, wanda ya binne iyaye da ƴaƴa biyu bai yi rauni a gaban mutane ba, da wane baki zai ce kare ne ya hana shi barci?

Wanda ya buɗe ƙofar jikansa ne, ɗan shekara goma sha biyar da ke karatu a kwaleji a Maraɗi. Tsakanin kaka da jika akwai wasa, kuma wasan nan yana da wata hikima da ba a cika lura da ita ba: yana ba yaro izinin faɗa wa tsoho abin da ɗansa na cikinsa ba zai iya faɗa ba. Yaron ya iso ran Asabar, ya tarar da kakansa zaune a bakin bukka. Ya durƙusa da fuskar shaƙiyanci ya ce, "Tsoho, ashe abokin hirarka ya tafi ya bar ka? To ga ni na zo gaisuwa. Ina goron sadaka?" Dattijon ya ɗaga sanda kamar zai buge shi, ya ce, "Tashi ka ba ni wuri, ja'iri." Amma wannan ita ce gaisuwar farko da aka yi masa, kuma ya gane ta duk da rigar wasan da ta sanyo. Yaron ya zauna kusa da shi, ya zaro salula, ya ce bari ya nuna masa wani abu.

Hotuna uku ne. Yaron ya ɗauke su a hutun da ya wuce, ba don komi ba sai don ya samu abin tsokanar kakansa a gaban abokai. Na farko bai fita ba, wata jar inuwa ce kawai tana gudu tsakanin kunyoyin albasa. Na biyu Barsu ne kwance a bakin bukka, ya miƙe ƙafafun gaba, kunne ɗaya a tsaye. Na uku shi ne wanda dattijon ya riƙe ya ƙi saki: shi kansa ne yana barcin rana a gindin mangwaro, hula ta zame, baki a ɗan buɗe, karen ya ɗora kai a kan idon sawunsa, hannunsa na dama kuwa ya sauka a kan wuyan karen. Bai san yana yin haka ba. Shekara tara yana gaya wa kansa cewa kiwon tsaro yake yi kamar yadda littafi ya halatta, ga shi ɗan gilashi mai faɗin tafin hannu ya nuna masa abin da hannunsa ke yi in ya yi barci. Ya kuma ga furfurar da ta fito wa karen a baki, wadda bai taɓa lura da ita ba, domin wanda kake gani kullum ba ka ganin tsufansa.

Roland Barthes, a littafinsa La Chambre claire na 1980, wanda ya rubuta bayan rasuwar mahaifiyarsa, ya yi dogon tunani a kan wannan aiki na hoto. A ganinsa hoto ba ya dawo da wanda ya tafi, abin da yake yi shi ne ba da shaida cewa abin nan ya taɓa kasancewa, a wuri kaza, a gaban haske. Ya tarar da mahaifiyarsa cikin wani tsohon hoto da aka ɗauke ta tana ƴar shekara biyar, ya yi shafuka yana bayaninsa, amma ya ƙi buga shi cikin littafin, domin ya san ga kowa in ba shi ba hoton wata yarinya ce kawai. Manomin Safo bai taɓa jin sunan Barthes ba, amma shaida ita ce abin da ya rasa. Mamaci ɗan Adam yana da kabari da suna da masu ambatonsa cikin addu'a. Barsu ba shi da komi sai tudun ƙasa a gefen shinge, wanda damina ɗaya za ta baje.

Jikan ya kai hoton wurin wani mai hoto a Maraɗi aka wanke shi a kan kati. Mai hoton ya yi dariya, ya ce ya wanke na amare da na alhazai da na katin ɗan ƙasa ba iyaka, ya wanke na mahaya ranar hawan salla da na masu ragon layya, amma na kare wannan ne farko. Gaskiya ya faɗa. Tun da hoto ya shigo ƙasashen nan, abu ne na ado da nuna arziki. A Bamako, inda Seydou Keïta ya buɗe ɗakin hotonsa a 1948, mutane suna tsayawa ne da rediyo ko agogo ko babur, wani lokaci na aro. A Yamai kuwa Philippe Koudjina ya bi samari da ƴan mata wuraren rawa a shekarun 1960 da 1970. Hoto kuɗi ne, ana yin wanka kafin a je, kuma ba wanda zai ɓata fim a kan kare. Salula ce ta sauya wannan. Ta shigo Nijar a 2001, daga baya aka samu mai ɗaukar hoto, sai ɗauka ta zama kyauta. Da ta zama kyauta, sai aka fara ɗaukar abin da ba a shirya ba: tsohuwa tana tankaɗe, jaki a bakin rijiya, tsoho yana barci. Waɗannan hotuna na banza su ne sukan zama masu tsada in mutuwa ta gitta.

Da katin ya zo hannu sai wata damuwa ta taso. Akwai hadisi sananne, cikin Buhari da Muslim, da ya haɗa abu biyu da ke hana mala'iku shiga gida, kuma abubuwan biyu su ne kare da sura. Ga shi dattijon yana riƙe da takarda guda da ta tara su duka. Ya kwana biyu da katin cikin aljihu, yana cire rigar in zai yi salla. Daga ƙarshe ya tari liman bayan la'asar, ya ce, "Allah gafarta malam, wani ne ya ce in tambaya masa," ya kawo mas'alar. Liman, wanda ya san ko wane ne wanin, bai nuna ya sani ba. Ya ce malamai sun saɓa. A wurin Malikawa abin da aka haramta kai tsaye shi ne mutum-mutumi mai jiki da inuwa, zanen da ke kan takarda kuwa bai kai nan ba; wani muftin Masar, Shehu Muhammad Bahit, wanda ya rasu a 1935, ya rubuta cewa hoton na'ura kama inuwa ne kawai, ba ƙirƙirar halitta ba; akwai kuma malaman da suka tsananta, suka ce a bar shi sai don larura. Shawararsa ita ce kada a rataye shi a bango don girmamawa, kada kuma a sa shi gaban mai salla. Sannan, kamar mai sauya zance, ya tuna masa mutumin da aka gafarta wa zunubai saboda ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, da karen As'habul Kahfi da Alƙur'ani ya ambata kwance a bakin kogo ya miƙe ƙafafunsa. Ya ce, "Ka gaya wa wanda ya aiko ka, tausayin dabba ba abin kunya ba ne."

Dattijon bai kai katin cikin gida ba. Ya sa shi tsakiyar wani tsohon littafin lakwal na jikansa, ya naɗe da leda saboda gara da raɓa, ya soke cikin jinkar bukkar garka. In aka duba, ya mayar da Barsu daidai inda yake tun yana da rai, wato bakin ƙofa, kusa da mai shi, waje da ɗaki.

Wasu ƙasashe sun yi wa irin wannan rashi gata mai yawa. A Asnières, kusa da Paris, akwai maƙabartar karnuka tun 1899, da duwatsu masu rubutu da furanni. A Tokyo an kafa wa Hachiko mutum-mutumi a 1934, karen da ya yi ta zuwa tashar jirgin ƙasa ta Shibuya yana jiran maigidansa da ya rasu a 1925, har shi ma ya mutu a 1935. Ba lalle ne a kwaikwayi wannan a bakin Gulbi ba, inda kuɗin dutsen kabari ɗaya zai ciyar da gida wata guda, kuma mai kwaikwayon zai zama abin nuni. Amma kuskure ne a ɗauka cewa son kare baƙon abu ne da Turawa suka kawo. A Bagadaza, Ibn Marzuban, wanda ya rasu a 921, ya rubuta ɗan littafi sukutum a kan fifikon karnuka bisa da yawa daga masu sa tufafi. A arewacin Nijar, Buzaye makiyaya na Azawak suna ba dogon karensu matsayin da ba su ba sauran karnuka, kuma daga wurinsu aka kai irinsa Turai a shekarun 1970, inda yanzu ake sayen sa da tsada. Tun kafin duk wannan, mutanen da suka zauna Sahara lokacin tana da ciyawa sun bar zanen mahalba da karnukansu a jikin duwatsu.

Hoto dai yana da iyakarsa, kuma dattijon ya fi kowa sani. Ba ya haushi. Da dare in awaki suka motsa, shi ne ke tashi da fitila ya zagaya. Da asuba in ya fito masallaci har yanzu idonsa yakan je gindin bishiyar da karen ke jira. Katin kansa ya fara dusashewa a gefe, domin zafin bukka ba ya barin launi, salular da ke ɗauke da asalin hoton kuwa ta lalace, ba a samu ciro komi daga cikinta ba. Amma tuwon dare ya daina dawowa. Da rana in ya gama ban ruwa yakan zaro littafin, ya duba, ya mayar, kamar yadda wani ke zaro goro. Ƴar jikar da aka tsare ta san inda yake, takan ce, "Kaka, nuna mini karena," shi kuma ya ce da ita ai ba nata ba ne, su yi ta musu.

Labarin katin ya zaga garake, kamar yadda komi ke zagawa. Wasu sun yi dariya. Wasu kuma, ɗaya bayan ɗaya, sun riƙa biyowa ta bukkar da sunan neman aron guga, su zauna, su kawo zancen wani kare da suka taɓa yi suna yara, wanda kura ta ɗauke ko mota ta take, da sunansa da launinsa, bayan shekara arba'in. Na ƙarshen zuwa shi ne mai adaka. Tun ranar da ya yi aikin da aka roƙe shi, abokan biyu suna gaisawa ne a tsaye. Ya zo da yamma, ya zauna a kan turmin da aka kife, suka yi zancen ruwan rijiya da ya ja baya. Can ya ce, "An ce kana da hotonshi." Dattijon ya miƙa hannu cikin jinka ya ba shi. Mutumin ya daɗe yana kallo, ya goge katin da bakin rigarsa ko da yake ba ƙura a kai, ya ce, "Bai wahala ba. Harbi ɗaya ne." Ya miƙa masa, ya ƙara da cewa, "Allah ya ba da haƙuri."

Karyar wani maƙwabci ta haihu da kaka, ƴaƴa biyar, ɗaya ja. Jikan ya riga ya je ya tambayo kuɗin allura da watan da ake fara yi wa kwikwiyo, ya rubuta a bangon littafin da hoton ke ciki. Dattijon ya je ya duba su sau biyu, ya ɗaga jan ya auna nauyinsa a hannu, ya ajiye. Ya ce a bari su buɗe ido sosai tukuna.